Shekarar da Tawada Ta Yi Danƙo

Akwai maganar da ake yi a gidanmu game da Alƙur'anin kakanku, wadda na san kun ji daga bakin gwaggwanninku, wataƙila ma kun faɗa wa wasu. Ana cewa Alaramma ya yi gaggawa, ya ɗaure takardun tun ba su gama shan iska ba, shi ya sa suka manne. Shi da kansa ya faɗi haka a gaban mutane, don haka ba na ganin laifin wanda ya maimaita. Amma ba haka aka yi ba. Mutumin da ya shekara arba'in yana rubutu ba zai kasa gane tawadar da ta bushe ba. Tawadar ce ke da aibi, ni ne kuma na haɗa ta. Na daɗe ina cewa zan zaunar da ku in faɗa muku, to kun san ni da nauyin baki. Abin da na kasa faɗa a zaune, bari in rubuta shi.

Malam Rabe ne sunan mahaifina, amma duk garinmu Pauwa Alaramma ake ce masa. Ya rubuta Alƙur'ani shida da ka, ba tare da duba wani ba, kuma ko ɗaya bai zauna a gidanmu ba. Ɗaya yana wani masallaci a Faskari, ɗaya wani mai shanu ya yi kudu da shi, sauran ma kowanne da inda ya tafi. Inna ta sha yi masa ƙorafi cewa ranar da ya faɗi ya mutu, 'ya'yansa sai sun je gidan mutane aron rubutun ubansu. Bai taɓa tanka mata ba, sai da idonsa ya fara dushewa. An kai shi asibiti, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ke mutuwa a hankali, magani jinkirta abin kawai zai yi. Da ya dawo gida ya sa aka sayo takarda, ya yanka ta warƙa-warƙa da hannunsa, ya ce wa Inna wannan na bakwai na gida ne, ba mai fita da shi. Daga ranar kowa a gidan ya san tsere ake yi tsakanin hannun Baba da idonsa.

Ni ne ɗan fari, kuma ku da kuka tashi a Faskari kuna hawa kafaɗata ba za ku gane abin da wannan ke nufi a gidan da na tashi ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. In yana son ya aike ni, sai ya kalli bango ya ce a faɗa wa yaron nan kaza, alhali ina zaune taku uku daga gare shi. Yabo kuwa ba a maganarsa. Ni ma Allah ya yi ni marar magana, sai abin ya haɗu ya yi yawa. Muna iya zama a zaure mu biyu daga azahar har la'asar, ba abin da za ka ji sai kukan alƙalami a kan takarda. Wadda ke ɗaukar magana tsakaninmu ita ce Gwaggo Hurera, yayar Baba, wadda ta dawo gidanmu bayan rasuwar mijinta. Ita ce kaɗai ke kirana Mannir da ƙarfi har maƙwabta su ji, ita ce kuma kaɗai ke iya ce wa Alaramma ya yi shiru ya saurara.

Baba ba ya sayen tawada. Gawayin aduwa yake ƙonawa, ya niƙa shi a kan wani ɗan dutse da ba a niƙa komai a kansa sai shi, ya tace da ƙyalle sau uku, sannan ya zuba ruwan bagaruwa da jiƙaƙƙen ƙaro. Ba ya auna komai. In ya gama sai ya tsoma alƙalami a kurtu ya ɗaga shi sama a hankali, yana kallon siririn zaren da ɗigon ke ja kafin ya yanke. Daga nan ya san ko zai ƙara ruwa ko ƙaro. Ina yaro na kalli wannan sau ɗari, ban taɓa tambayarsa me yake nema a jikin zaren ba. Na ɗauka ɗabi'a ce kawai irin ta tsofaffi.

A shekarar da nake ba ku labari ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun injiniyan sinadarai, kuma kowane ɗalibi sai ya yi aikin bincike kafin ya fita. Malamin da aka haɗa ni da shi wani Dakta ne Banufe, mai yawan raha, wanda tun da ya ji daga ƙasar Katsina nake ya daina kirana da komai sai bawansa. Abin da ya fi damunsa a duniya shi ne yadda ruwa mai gari a ciki ke gudu: fenti, maganin yara da ake girgizawa kafin a sha, lakar da ake turawa cikin rami in ana haƙa rijiyar burtsatse. Ya yi mana bayani cewa in ka zuba gari a ruwa zalla, ba da daɗewa ba zai dunƙule ya kwanta a gindi. Amma in ruwan yana da wani abu mai yauƙi a narke, wanda jikinsa dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, zaruruwan za su naɗe ƙwayoyin garin su hana su haɗuwa, su riƙe su a tsakiyar ruwa. Irin wannan ruwa kuma halinsa biyu ne. In ka bar shi a ajiye sai ya yi kauri ya tsaya, in ka tura shi sai ya saki jiki ya gudu. Ina zaune a bayan aji sai na ga alƙalamin Baba a idona: tawada na maƙale a bakinsa ba ta ɗiga, amma da ya taɓa takarda ya ja sai ta biyo shi. Mako biyu na yi ina wucewa ta ƙofar ofishin Dakta kafin na iya ƙwanƙwasawa.

"Tawada?" in ji shi. "Ta allo? Kai bawana, duk abokanka suna neman man fetur, kai gawayi za ka kawo mini?"

Na ce masa gawayi gari ne, ƙaro kuma mai zare ne, ban ga abin da ya raba ta da fenti ba.

Ya daina dariya, ya dube ni. Ya ce, "Ashe kana magana. Je ka kawo gawayin."

Ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ba, kuma ba zan ɓoye muku ba don abin da ya biyo baya. Akwai wata na'ura a ɗakin gwaji mai ɗan sanda da ke juyawa cikin kofi, tana nuna maka yawan turjiyar da ruwa ke yi in an juya shi a hankali da in an juya shi da sauri. Ɗakin a rufe yake, na'urar sanyaya ɗaki na aiki kullum don kada zafi ya ɓata awo. Na haɗa tawada kala ashirin da huɗu, kowacce da lambarta, na jera su a kwalabe, kullum da safe in auna kaurin abin da ya kwanta a gindin kowacce in rubuta. Abin da na gano bai da wuya. In gawayi ya yi yawa, ƙwayoyin na cunkushewa a bakin alƙalami su toshe shi. In ƙaro ya yi kaɗan, kwana biyu sai ka ga ruwa a sama, baƙi a ƙasa. Amma duk sa'ad da na ƙara ƙaro, tawadar na ƙara daɗewa ba ta kwanta ba, layinta na ƙara santsi, in ta bushe kuma tana ƙyalli. Na zana wannan a takarda, layi ya tafi sama ɗoɗar, Dakta ya ɗaga shi yana nuna wa sauran ɗalibai.

Da aka yi hutu bayan girbi na zo gida da kwalba ta goma sha ɗaya a cikin jakata. Lokacin Baba ya kai ƙarshen Faɗir, saura daga Yasin zuwa ƙasa, izu goma sha shida da 'yan kai. Na tarar ya matso da buzunsa bakin ƙofar zaure yana bin haske, fuskarsa kusan a kan takarda. Kwana uku kwalbar na jakata. A na huɗu na ba Gwaggo, na ce ta ajiye masa kusa da kurtu, kada ta ce komai. Ta karɓa, ta wuce zaure kai tsaye, ina jin ta daga tsakar gida.

"Rabe, ga tawadar boko ɗanka ya kawo maka. Shina can bayan rumbu shina rawar jiki kamar wanda ya yi sata."

Ban ji amsarsa ba. Na fita ta ƙofar baya na tafi gona, ban dawo ba sai da la'asar. Gwaggo na zaune tana ɓarar gyaɗa, ta ɗago ta dube ni.

"Ya gwada. Ya cika warƙa guda da ita, ya ɗaga ta sama shina juyawa, ya ce rabon da ya ga rubutunshi haka tun bara. Wai baƙin nata na ɗaukar haske."

Na ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

"Kai, mayen yabo! To ya ce tana da danƙo. Sau biyu ma ya faɗa. Ya ce in hwaɗa maka tawadar nan tana da danƙo."

A nan ne na yi kuskuren. Ku kun san yadda muke amfani da kalmar nan. In an ce zumuncin mutane ya yi danƙo, yabo ne. Ana nufin ya kama, ba ya rabuwa. Ni kuwa shekara ashirin da huɗu nake jiran kalma ɗaya daga bakin mutumin nan, da ta zo sai na ɗauke ta ta fuskar da nake so. Na ji kamar ya ce tawadar na kama takarda, za ta daɗe. Ban san cewa a bakin masu rubutu danƙo aibi ba ne, gargaɗi ne cewa ƙaro ya kai iyaka, kada a ƙara. Zauren yana nan taku goma daga inda nake tsaye. Da na shiga na durƙusa na ce, Baba, danƙon nan alheri ne ko a rage, da a kalma biyu ya raba ni da jahilcina. Ban shiga ba. Kunya ta hana ni, kuma in zan faɗi gaskiya, ina tsoron in tambaya yabon ya ragu.

Kwalbar farko 'yar ƙarama ce, ba ta wuce masa Yasin da Saffati ba. Da na koma makaranta Gwaggo ta aiko direban motar kasuwa da saƙo cewa Alaramma ya ce in akwai irin ta ran nan a ƙaro masa, don tasa ta daina ganuwa gare shi. Irin ta ran nan ya ce. Ni kuma na zauna na yi lissafi: yana son ƙyalli, ya yabi danƙo, awona kuma ya nuna ƙaro na hana kwanciya, ga shi kwalbar za ta yi watanni a ajiye. Sai na ninka ƙaron sau biyu. Na gwada ta a na'ura, ta yi kyau fiye da ta farko. Na rubuta layi a takarda, ya bushe cikin minti huɗu, na shafa da yatsa bai goge ba. Na manta, ko in ce ban taɓa tunawa ba, cewa a ɗakin da iskarsa ke bushe rani da damina nake shafawar. Na cika babbar kwalba na ba direba, ban haɗa da ko kalma ɗaya ba cewa na canza wani abu. Da shekara biyu baya ne, da Baba ya ɗaga alƙalami sau ɗaya zaren zai tona mini asiri. Amma a lokacin idonsa ya daina ganin zare. Ya yarda da ni ne kawai.

Ya so ya gama kafin ruwa ya sauka, idon bai bar shi ba. Warƙar da da yake cikawa kafin hantsi ta koma cin yini guda. Sai da aka yi noman farko sannan ya kai Nasi. Ranar Inna ta yi waina ta raba wa maƙwabta, Gwaggo ta yi guɗa har muryarta ta dushe, an ce shi kuwa ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba. Al'adar masu rubutu ce ba a buɗe sabon Alƙur'ani ga jama'a sai wani gwani ya bi shi harafi-harafi ya duba. Na Baba kullum Gwani Isiyaku na Damari ke duba masa, abokin karatunsa tun suna samari. Aka jera warƙoƙin, aka sa tsakanin allunan fata biyu, aka ɗaure tam, aka sa a gafaka, aka aika Damari. Gwani kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi. Gafakar ta yi mako uku a ɗakinsa na ƙasa, da wasu littattafai a kanta, a tsakiyar marka, lokacin da ko gishiri jiƙewa yake a cikin kwano. Ƙasar Sabuwa kuma, inda Damari take, ta fi tamu ruwa.

Na gama jarrabawa, na miƙa aikina an ɗinke shi da bango mai kyau, Dakta ya ba ni maki mafi girma a ajinmu, na dawo gida. Da saƙo ya zo cewa Gwani ya samu sauƙi, Baba ya ce zai je da kansa a fara dubawa a gabansa, ni aka ce in riƙe masa hannu a hanya. Muka isa da hantsi bayan an ɗauke ruwa. Gwani ya shimfiɗa tabarma a rumfar ƙofar gidansa, dattawa huɗu ko biyar suka zo ganin rubutu. Ya kwance igiya da bismilla, ya fara ɗaga warƙoƙin Baƙara, suna tashi ɗaya bayan ɗaya.

"Makaho ya fi masu ido," in ji shi. "Rabe, ashe da can idon ne ke ɓata maka hannu."

Baba ya yi murmushi ya ce, "Duba ƙasa ka gani, can ne aka yi sabon aiki."

Gwani ya kai hannu ƙasa ya ɗago. Yasin da Saffati suka ɗan yi nauyi, suka rabu da ɗan ƙara. Daga Sad kuwa abin da ya taso a hannunsa dunƙule ɗaya ne, kamar guntun katako. Ya ɗauka igiya ce ta danne gefen, ya sa farce ya ja warƙar sama. Har yau ina jin ƙarar. Takardar ta rabu gida biyu a kaurinta, rabin rubutun ya tafi a bayan 'yar'uwarta, inda ayoyi suke sai fari-fari kamar an kankare. Baba ya miƙa hannu, Gwani ya ɗora masa dunƙulen. Ya shafa gefensa da babban yatsa daga sama har ƙasa, ya kai shi hanci ya shinshina, ya taɓa wurin da ya yage ya murza yatsunsa biyu. Ina durƙushe a bayansa, ina ganin yatsun suna mannewa suna rabuwa. Na gane a take. Ƙaro yana shan danshin iska ya koma jiƙaƙƙe. Wanda ya yi daidai gawayi na rufe shi, wanda ya yi yawa yana kwance a saman harafi yana jiran damina.

"Wace irin tawada ce wagga?" Gwani ya tambaya. "Ba taka ba ce, Rabe. Na san taka."

Baba ya ce, "Tawa ce. Gaggawa na yi, na ɗaure ba su sha iska ba. Tsufa ne."

Gwani ya dube shi, ya dube ni. Na buɗe baki a rumfar nan, Allah ya sani na buɗe, amma babu abin da ya fito.

Wata guda na yi ina ƙoƙarin raba su. Na gwada tururin ruwan zafi, na gwada reza, na gwada shanyawa a inuwa da dutse a kai. Warƙa goma sha tara na ceto, su ma da tabo. Sauran duk inda na taɓa sai na ƙara ɓarna. Da Baba ya ji ƙarar yagewa ta yi yawa, ya ce wa Gwaggo a faɗa wa yaron nan ya bari haka, maganar Allah ce, ba a yi mata haka. Ya sa aka kawo sabuwar ƙwarya da ruwa, aka jiƙa dunƙulen aka wanke, aka kai ruwan gindin bishiyar da ke bayan masallaci inda ƙafa ba ta takawa. Ni na ɗauki ƙwaryar. Aikin wata bakwai ne, bai cika ta ba.

Bayan sallar layya ya ce a ƙona masa gawayin aduwa. Ya niƙa da kansa, ya haɗa tawadarsa irin ta da, ya sa aka fitar masa da buzu tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi, ya fara daga Sad. Duk gidan muka yi murna kwana biyu. A na uku Inna ta kira ni bayan ɗaki, ta nuna mini warƙoƙin da ya shanya. Haruffan nasa ne, kowanne da kyansa, hannun bai manta komai ba. Amma layukan suna gangarowa suna hawa kan juna, wani wuri layi uku a kan layi ɗaya, wani wuri alƙalamin ya bushe ya ci gaba da tafiya ba tawada. Tasa ba ta ƙyalli, ba ya ganin inda ya tsaya. Inna ta ce kada wanda ya faɗa masa. Gwaggo ma, wadda ba ta taɓa haɗiye magana ba, ta ce a bar shi, aikin na riƙe shi. Kwana tara yana rubutu muna kwashewa muna ɓoyewa.

Rana ta goma da hantsi matan sun tafi gidan suna, daga ni sai shi. Ina gyaran igiyar akuya sai na ji ya ce, "Kai." Na waiga ina neman wanda yake nufi. Ba kowa. Bai kalli bango ba, inda yake jin motsina ya juyo. Na zo na durƙusa. Ya miƙo mini warƙar da ke hannunsa.

"Matan nan sun cika yabo kwanan nan, ban yarda da su ba. Kai ba ka iya yabo ba. Duba mini. Layin ya miƙe?"

Na karɓi takardar na duba. Na san in na ce ya miƙe zai ci gaba, zai samu abin tashi dominsa kowace safiya, wataƙila har ƙarshen ransa. Na kuma san abin da yake rubutawa, da hukuncin wanda ya ga an cakuɗa shi ya yi shiru.

Na ce, "Bai miƙe ba, Baba. Suna hawa kan juna. Tun ranar farko."

Ya gyaɗa kai a hankali. Tun da bakina ya buɗe sai na ƙarasa. Na ce masa kwalba ta biyu ba irin ta farko ba ce, na ƙara ƙaro ban faɗa ba, na ɗauka da ya ce danƙo yabo yake yi. Ina magana ina kallon ƙasa. Ya bar ni har na gama.

"Na sani tun a Damari," in ji shi. "Abin da ban sani ba shi ne mi ya sa. Ashe yabo ka ji."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ya shafa fuskarsa.

"Ni ma da bakina. Da na kira ka na ce rage, da ba a rage ba? Nawa ka ƙara?"

"Ninki biyu."

"Ka auna?"

"Na auna."

"To kai ka fi ni, ni ban taɓa sanin nawa ne ke ɓatawa ba, zare kawai nake gani. Wanda ya koya mini bai auna ba, ni ma ban koya wa kowa ba. Ka rubuta a takardar taku ta makaranta. Ka ce tawadar rani daban, ta damina daban. Ka sa awon, kada wani ya sake."

Sannan ya laluba ya ɗauki alƙalamin, ya goge bakinsa da ƙyalle kamar yadda yake yi in ya tashi aiki, ya kife kurtun a kan ƙasa. Bai ƙara rubutu ba. Ya rayu shekara uku bayan haka, ya riƙa karatu da ka a zaure, amma ƙarfinsa ya tafi tun daga wannan hantsin, kuma ni na san wanda ya faɗa masa. Gwaggo ta yi wata biyu ba ta kira sunana ba. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta rasu.

Na koma wurin Dakta na ce ina son in ƙara shafi ɗaya a aikina. Ya saurare ni har ƙarshe, wannan karon bai ce mini bawansa ba. Ya ce an riga an ɗinke, an sa hannu, an kai ɗakin karatu. In na dawo na yi digiri na biyu a wurinsa sai mu auna danshi yadda ya kamata mu buga. Ya nemo mini gurbi. Ban koma ba. Na kasa shiga ɗakin nan mai sanyi, na karɓi koyarwa a sakandare a Faskari inda zan riƙa zuwa gida duk Juma'a in raka Baba masallaci. Saboda haka aikina yana can a kan wani kanta har yau, da sunana a bangonsa, yana cewa duk yadda ka ƙara ƙaro tawada na ƙara kyau. Saƙo ɗaya mahaifina ya taɓa ba ni baki da baki, shekara talatin ke nan ban isar ba.

Ga shi nan. In gawayin da aka niƙa ya kai awo goma, busasshen ƙaro kada ya wuce awo huɗu ga rubutun da zai ga damina. Shida na sa a kwalbar farko, ta tsira da ƙyar. Goma sha biyu na sa a ta biyu. Kafin ka ba kowa, ka rubuta layi biyu a takarda biyu, ka haɗa su fuska da fuska, ka danne da dutse kusa da randa har kwana bakwai, sannan ka raba. In kuma wanda ya fi ka sani ya faɗi kalma ɗaya a kan aikinka, ka tashi ka je inda yake zaune ka tambaye shi me yake nufi.

Alƙur'anin yana hannun ƙanwata, Gwaggonku Sa'a, tun da zaman Pauwa ya gagare mu muka kwaso abin da za mu iya. Mutum biyu sun nemi su ƙarasa shi da hannunsu, na hana, ban kuma tabbata na yi daidai ba. In kun je ku yi alwala ku ce ta buɗe muku. Ya tsaya a ƙarshen Saffati.